Haruffa Biyar na Uwar Duman

A ƙauyenmu na Dolgae babu mai kiran Pyo Gumnye da sunanta. Uwar Duman ake ce mata tun ranar da ta haifi ɗan farinta, in kuma ana son a tsokane ta sai a ce Farfesa. Tsokanar tana da tushe, domin matar ko sunanta ba ta iya rubutawa da harshenmu ba, amma ta san kalma ɗaya tak ta Turanci, kuma wannan kalmar ce ta ci da ita shekara ashirin.

A wancan zamanin, daga Litinin zuwa Juma'a, jar tuta ce ke kaɗawa a kan tudun ƙauyen, jiragen Amurkawa na ta koyon jifa a kan ɗan tsibirin da ke gabanmu. Kajinmu sun daina ƙwai, yaranmu sun saba barci cikin ƙara. Ranar Asabar da safe sai sojoji su bi lakar bakin teku suna duba abin da aka jefa. Bam ɗin da suka tabbata babu komai a cikinsa, saje ya sunkuya ya rubuta masa kalma da rawayan alli. Wanda ba su yarda da shi ba, su ja shi tsibiri su tarwatsa. Amma laka tana da faɗi, tana kuma da haɗiya, abin da ya ɓace musu ya fi wanda suke gani. Suna juya baya a sauke tuta, mutanen Dolgae su kwasa a guje, maza da mata, kowa da kwandonsa, ana tsintar kwanson harsashi da gutsattsarin tagulla, ana zagin juna ana doke-doke a kan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba.

Mijinta, Bang, yana cikin masu ƙarfin halin da ba su jiran rubutu. Cewa yake shi kunnensa ya ishe shi, in ya ƙwanƙwasa ƙarfe zai ji ko da ciki ko babu. Sau da yawa kunnen ya yi gaskiya. Ranar da ya yi ƙarya, abin da aka tsinto na Bang bai cika kwandon wankin shinkafa ba, kuma ita da kanta ta bi bayan gidansu tana tsinta.

Bayan an gama zaman makoki ta ɗaura ɗankwali ta tafi ƙofar sansanin sojojin ta tsaya. Kwana huɗu tana zuwa ana korarta. A na biyar tafintansu, wani siririn mutum mai tabarau da ake kira Yom, ya gaji da ganinta ya fito.

"Baba, wai me kike nema?"

"Abin da suke rubutawa a jikin ƙarfen nan. Koya mini."

Ya tsuguna ya zana mata a ƙasa da tsinke. Ita kuwa ta ba kowane harafi suna yadda za ta riƙe shi. Na farko maciji ne mai kallon dama. Na biyu jinjirin wata. Na uku mutum ya miƙa ƙafa zai yi tafiya. Na huɗu katakon dakon da mazanmu ke goyawa. Na biyar ludayi a tsaye. Sukurap, in ji Yom, ko dai haka kunnenta ya ji.

"Me yake nufi?"

"Ya danganta. Gutsure ne, ɗan ƙanƙanin abu. Shara ce kuma. In mutum biyu suka kaure da dambe, shi ma haka suke cewa. In ka yar da abu ka ce ka gama da shi, shi ma haka."

Gumnye ta dube shi sheƙeƙe. "Mutane da jirage har sama amma suna rowar magana? Kalma ɗaya aiki huɗu?"

Tun daga nan ta zama idon ƙauye. Duk wanda ya jawo babban ƙarfe sai ya biyo ta gabanta. Ba haruffan kaɗai ta sani ba, har hannun masu rubutun ta gane: wannan sajen mai gaggawa ne, ludayinsa ba ya rufuwa, wancan kuma jinjirin watansa ƙato. Da 'yarta Okbun ta auri Ma Sokku mai gidan gwangwan, sai aka kifa mata akwatin katako a bakin ƙofar filin da yake tara ƙarafa, nan ne ofishinta. Sokku mutum ne mai taurin kai da ƙaton wuya, ba ya jin maganar kowa, amma doka ɗaya ya kafa wa kansa: kurfinsa ba ya taɓa bam sai surukarsa ta gyaɗa kai. Wanda babu rubutu ba ya saye, ko kyauta aka ba shi. Shekara biyar ana haka, ko ƙwarzane ba a samu a filin ba. Masifaffiya ce, kowa ya sani, ta sha korar dattijo da kayansa tana bin sa da baƙar magana, amma mata sun fi samun natsuwa in suka hango ta zaune a kan akwatin nan.

Damuwarta ɗaya a duniya ita ce Duman. Ya dawo daga aikin soja shekara uku ke nan, ya ƙi noma, ya ƙi kamun kifi, ya ƙi zama ƙarƙashin mijin ƙanwarsa. Kullum zancensa birnin Incheon, wai akwai wanda zai sa shi aiki a tashar jiragen ruwa in ya je da ɗan abin kama ɗaki. Tana zaginsa da safe, da yamma ta ɓoye masa kifi mafi tsoka a ƙarƙashin shinkafa. Son da take yi masa har kunya yake ba ta.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, ƙarshen kaka, lokacin da kowane gida ke haɗa kimchi, wato kabejin da ake tsumawa da gishiri a randa don hunturu. Okbun na da cikin wata bakwai, tana zaune a tsakar filin da mata huɗu na maƙwabta, kabeji jibge a gabansu suna barbaɗa gishiri, taku goma tsakaninsu da kututturen da Sokku ke sara ƙarfe a kai. A waje motar dillalin ƙarfe daga birnin Suwon na tsaye, an kusa gama lodi, direba na ta danna ham don yana son ya bar hanyar laka kafin rana ta yi sanyi.

Sai ga ihu daga bakin teku. Duman ne tafe da abokansa biyu suna turo amalanke, laka har ƙugu, mutane na biye da su. A kan amalanken wani ƙaton bam ne, tsawonsa ya kai tsayin mutum, irin wanda ba a ga kamarsa ba duk wannan shekarar.

"Suruki!" Duman ya ƙwala kira yana dariya. "Fito ka ga abin da malalaci ya kawo! Yau dai bakin kowa ya mutu!"

Mutum shida suka sauke shi, suka mirgina shi gefen kututture. Sokku ya zagaya shi yana lashe leɓe, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki kurfi da guduma.

"Inna, zo ki sa mana albarka mu wuce wurin, mota na jira."

Gumnye ta taso tana dafa gwiwa, fuskarta a sake, don rabon da ta ga ɗanta yana dariya irin wannan har ta manta. Rubutun na nan ɓaro-ɓaro, rawaya, haruffa biyar cif. Ta biyo su daga ƙarshe: ludayi, katakon dako, mai tafiya, jinjirin wata. Ta zo kan na farko ta tsaya.

Macijin hagu yake kallo.

Ta sa babban yatsa ta goga wutsiyarsa. Allin sojoji mai maiƙo ne, ko ruwan teku ba ya wanke shi. Wannan kuwa ya biyo yatsanta kamar gari. A duk faɗin Dolgae mutum ɗaya ne ta san yana juya macijin nan, domin ita ta koya masa, a cikin tokar murhu, shekarar da ubansa ya mutu. Okbun ta iya a rana ɗaya. Shi kuwa ta ranƙwashe shi da ludayi ya fi a ƙirga, bai taɓa juyo da kan macijin daidai ba, har ta haƙura.

Ta ɗago ta dube shi. Yana ta dariya da abokansa, amma idonsa bai yarda ya haɗu da nata ba.

Ta san abin da ke gabanta sarai. In ta gyaɗa kai, kurfi zai shiga ƙarfen da babu wanda ya duba cikinsa, ga 'yarta da ciki, ga matan mutane. In kuma ta faɗi abin da ta gani, ta gama da Duman a garin nan. Dolgae na yafe sata, tana yafe maye, har wanda ya gudu da matar wani an taɓa bari ya dawo. Amma wanda ya yi wa bam rubutun ƙarya, ko gaisuwarsa ba za a ƙara amsawa ba.

Ta nemi hanya ta uku.

"Ma Sobang," ta ce, yadda uwar mata ke kiran mijin 'yarta, "bar wannan tukuna. A ajiye shi sai wani satin."

"Wani satin? Inna, motar nan sai bayan wata za ta dawo."

"To a bar shi sai bayan wata. Ƙarfe ruɓewa yake?"

"Ba ga rubutu nan ba? Ko ni jahili ina hango shi daga nan."

"Idona ke ciwo yau. Ban gani sosai ba."

Matan kabeji suka fashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Yau kuma Farfesa karatu ya ƙwace?" Wata ta ce a kawo mata tabarau irin na tafinta. Direba ya sake danna ham, dogo, mai ban haushi.

"Inna, don girman kakanni kar ki ɓata mini rana," in ji Duman, muryarsa ta fara canjawa. "Sau ɗaya na yi abin kirki a rayuwata, shi ma sai kin sa mini ƙafa?"

Sokku ya duba rubutun, ya duba motar, ya duba surukarsa. Bai taɓa karya dokarsa ba, amma bai taɓa ganin ƙarfe mai wannan nauyin ba, kuma ga haruffa yana gani da idonsa. Ya ɗora bakin kurfi a kan ɗamarar bam ɗin.

"Ki yi haƙuri, Inna. Ba ki ce babu rubutu ba, cewa kika yi idonki na ciwo. Matsa kaɗan kar ɓarɓashi ya same ki."

Ba ta matsa ba. Ta tattare siket ɗinta, ta ɗaga ƙafa, ta haye bam ɗin ta zauna daram, tafin hannunta a kan kurfin.

Dariya ta ɗauke. Okbun ta miƙe da ƙyar, hannunta duk gishiri. "Inna, lafiya? Me ya same ki?"

"Kwashi matan nan ku fita. Ku bi ta ƙofar baya, kar ku tsaya sai gindin tudu."

"Inna..."

"Na ce ki fita, 'yar banza, ko sai na taso?"

Babu wadda ta motsa. Mutanen Dolgae ke nan, in aka ce su gudu sai su matso su ga dalili. Filin ya ƙara cika, har masu lodi suka sauko daga mota. Sokku ya sauke guduma a hankali, ya tsuguna daidai fuskarta, ya yi ƙasa da murya.

"Inna, shekara biyar ban taɓa tambayarki dalili ba. Yau ina tambaya. Matata na nan, ɗana na cikinta. Mene ne a jikin ƙarfen nan?"

Ta sake duban Duman. Jira take ya buɗe baki da kansa, ya ce wasa yake, ya ce kuskure ne, ya ce komai. Da ya yi haka da ta san yadda za ta rufa masa, da ta zage shi tas a gaban jama'a har su ji tausayinsa. Ya tsaya ƙiƙam yana kallon ƙasa, laka na bushewa a ƙafarsa. Ta ji wani baƙin ciki irin wanda ko ranar da ta tsinci gawar mijinta a kwando ba ta ji ba.

"Ba sojoji suka rubuta ba," ta ce. "Macijin ya juya baya. Allin ma na makaranta ne." Ta ɗaga yatsanta kowa ya ga rawayan garin.

"Wa ya rubuta?"

"Na san hannun. Ni na koya masa."

Ba ta ambaci suna ba, ba a kuma buƙaci ta ambata ba. Abokan Duman biyu suka ja da baya kamar ba tare suka zo ba. Sokku ya miƙe, wuyansa ya kumbura, kafin wani ya ankara ya shaƙo Duman suka zube cikin tarin gwangwani.

"Ɗan iska! A gidana? Gaban ƙanwarka?"

"Sake ni! Fanko ne! Na ƙwanƙwasa na ji, fanko ne!"

"Ubanka ma haka ya ce!"

Wannan maganar ce ta haukata Duman. Ya kai wa Sokku goshi a hanci, jini ya ɓalle, suka yi ta birgima suna naushin juna, kabeji na tarwatsewa, mata na kururuwa, ƙafafunsu na dukan ƙasa kamu biyu daga inda bam ɗin yake. Duk dukan da ya sauka sai Gumnye ta ji shi a cikin ƙarfen da take zaune a kai. Ta rungume shi da cinyoyinta kar ya mirgina, tana ihu a raba su, babu mai jin ta.

Duman ya kuɓuce. Bai gudu ba, gudumar Sokku ya sura, ya zo ya tsaya a kan uwarsa, leɓensa a fashe, yana haki.

"Sauka, Inna."

"Ba na sauka."

"Sauka in nuna musu! Kin mai da ni mai kisan kai a gaban gari, to bari in buga da hannuna kowa ya gani. Fanko ne!"

Sai a lokacin mutanen Dolgae suka tuna suna da ƙafa. Aka yi waje ana tattake juna, direba ya bar motarsa ya bi su. Sokku ya ja Okbun tana turjewa tana kiran uwarta. Kafin a ƙirga goma filin ya zama daga uwa sai ɗa.

Gumnye ta ɗan ja baya a kan ƙarfen, ta buɗe masa wuri a gabanta, daidai kan haruffan.

"Ga wuri nan. Buga."

"Ki sauka tukuna!"

"In fanko ne, me zai same ni? Ka ce ka ji da kunnenka. Buga, Duman. Ina zaune."

Ya ɗaga gudumar sama da hannu biyu. Ta ga jijiyoyin hannunsa, ta ga laka a ƙarƙashin faratansa. Ba ta rufe ido ba, ko da yake tsoro ya kama ta har fitsari na neman ƙwace mata. Daga can gindin tudu mutane na hango su, babu mai tari. Gudumar ta daɗe a sama.

Sannan ya sauke ta a hankali, can gefe, a kan ƙasa mai taushi, yadda ake ajiye ƙwai.

Wannan ajiyewar ta fi duk abin da ta faɗa tona masa asiri, shi ma ya sani. Ya goge jinin bakinsa da bayan hannu.

"Da kin ja ni gefe," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Da ka dube ni."

"Kin yar da ni, Inna."

Ya juya ya fita ta ƙofar baya, ya bi hanyar gona. Ko gida bai biya ya ɗauki rigarsa ba. Ita kuwa tana nan zaune a kan ƙarfen har Sokku ya dawo ya ɗago ta.

Aka aika sansani. Washegari da hantsi sojoji suka zo da tafinta Yom, wanda yanzu ya yi furfura, suka ɗauki bam ɗin a kan buhunan yashi suka kai tsibiri. Suka ɗaura masa nasu nakiyoyin kamar yadda suke yi wa duk wanda ba su yarda da shi ba. Ƙarar ta girgiza murafen randunan kimchi a ƙauyen. Gumnye na tsaye a bakin laka, ta kamo hannun rigar Yom.

"Wannan ƙarar, tasu ce kaɗai ko har da tasa?"

"Baba, in suka tarwatsa shi haka ba a ganewa."

"Tambayi sajen."

Ya tambaya. Sajen ya ɗaga kafaɗa ya faɗi wata gajeriyar magana.

"Ya ce wataƙila da ciki, wataƙila siminti ne. Ya ce kin yi daidai."

"Ban tambaye shi ko na yi daidai ba."

Har yau in tsofaffin Dolgae suka zauna shan giyar shinkafa, sai an yi gardama a kan bam ɗin nan. Wasu su rantse ƙarar ta ninka ta kullum, wasu su ce ƙarya ne, daidai take. Gumnye ba ta taɓa sa baki ba. Asabar ta zagayo ta koma kan akwatinta, ta yi shekara tara a kai tana duba macizai, masifarta sai abin da ya ƙaru. Okbun ta haifi 'ya mace lafiya. Duman bai aiko da wasiƙa ba, bai zo bikin kaka ba, ko ranar tunawa da ubansa ba a gan shi ba.

A shekara ta shida wata mai sayar da busasshen kifi da ke zuwa Incheon saro ta tsaya a bakin filin, ta yi ta kame-kame, ta yi zancen tsadar gishiri, ta yi na ciwon baya, sannan ta ce ta ga Duman a tashar jiragen ruwa yana dako.

"Kun yi magana?"

"Mun yi. Ya yi aure, har da yaro." Matar ta sunkuyar da kai tana gyara kifin da ba ya buƙatar gyara. "Uwar Duman, ni dai ba na son ɗaukar magana. Amma matarsa ta ce mini wai ya gaya mata uwarsa ta rasu tun yana soja."

Gumnye ta kalli wani gutsuren tagulla da ke gaban ƙafarta.

"Da kika gan shi, da ƙafarsa yake tafiya?"

"Da ƙafarsa."

"Hannuwansa fa? Kin duba?"

"Buhu yake ɗauke da shi, na gani sarai."

"Yatsu goma?"

"Goma cif."

Ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da Sokku ke jira kafin ya ɗora kurfi.

"To, ki bar su a haka," ta ce. "In kin koma, kar ki ce kin gan ni."